Yadda Ɓawon Kifi Ya Nuna Wa Masana Hanyar Korar Mai Ta Amfani Da Ruwa

Duk lokacin da ɗanyen mai ya malala a teku, hoton da ya fi yawo a kafafen labarai shi ne na tsuntsu: ya yi baƙi ƙirin, fukafukai sun manne, ya kasa tashi. An ga haka a Alaska a 1989, lokacin da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya daki dutse a ƙarƙashin ruwa. An sake gani a 2010, bayan dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya kama da wuta a mashigin tekun Meziko, rijiyar ta yi kwana 87 tana aman mai. Kifin da ke cikin wannan ruwan kuwa, da wuya a tsamo shi a tarar mai ya lulluɓe shi kamar yadda ya yi wa tsuntsu. Kada a ɗauka ya tsira, domin gubar da ke narkewa daga man tana shiga jikinsa ta hanyar numfashi, tana kuma kashe ƙwai da 'ya'yan kifi. Sai dai ɓawonsa, shi kam mai ba ya kama shi.

Dalilin ya ɗan zo a juye. Gashin tsuntsu yana korar ruwa, shi ya sa agwagwa take nutso ta fito a bushe, kuma kusan duk abin da ke korar ruwa yana son mai. Ɓawon kifi kuma son ruwa yake yi sosai, har ya riƙe shi a jikinsa bai bar wa mai wurin zama ba. A kan wannan ne aka gina wani fannin bincike da ya bunƙasa tun daga 2009: ƙera kayan da mai ba ya manne musu a cikin ruwa, waɗanda idan ma ya taɓa su, ruwan da kansa zai ɗauke shi ba sai an sa sabulu ko an goge ba.

Kafin a zo kan kifi sai an bi ta kan ganye, domin daga nan aka faro. Wani masanin tsirrai na Jami'ar Bonn a Jamus, Wilhelm Barthlott, ya shafe shekaru tun daga wajen 1970 yana duba ganyaye da na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki. Ya lura cewa ganyen lotas, wani tsiron ruwa mai kama da bado da ake girmamawa a ƙasashen Asiya, kullum tsaf yake, alhali cikin taɓo yake fitowa. Da aka ƙara girmansa sai aka ga fuskar ganyen cike take da ƙananan tuddai, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba, a kan tuddan kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin kaki. Idan ɗigon ruwa ya sauka, kan tuddan kawai yake taɓawa, iskar da ta maƙale a tsakaninsu ita ke ɗauke da shi. Sai ya dunƙule, ya gangara, ya kwashe ƙurar da ya tarar a hanya. Barthlott da Christoph Neinhuis sun wallafa wannan bayani a 1997, kuma zuwa 1999 har an fitar da fentin bango mai suna Lotusan da ya kwaikwayi dabarar.

Masana suna auna wannan hali da kusurwar da gefen ɗigo yake yi da abin da ya zauna a kai. Ɗigon da ya baje ya shimfiɗe, kusurwarsa ta kusa sifili. Wanda ya dunƙule ya tsaya, kusurwarsa babba ce, kuma idan ta haura digiri 150 sai a ce abin ya kai matuƙa wajen kora. Lissafin ya daɗe: Thomas Young ya aza harsashinsa a 1805, Wenzel ya nuna a 1936 cewa kaushin fuska yana ƙara wa abu halin da yake da shi (mai son ruwa ya ƙara so, mai ƙi ya ƙara ƙi), sannan Cassie da Baxter suka yi bayanin abin da ke faruwa idan iska ta maƙale a cikin kaushin, a 1944. A riƙe maganar Wenzel, za a buƙace ta nan gaba.

To, dabarar lotas tana da iyaka biyu. Ta farko, ba ta aiki da mai. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna da ƙarfi, shi ya sa ruwa ke iya dunƙulewa. A ma'aunin da ake amfani da shi, ƙarfin wannan riƙo a saman ruwa ya kai kusan 72, na yawancin mai kuwa tsakanin 20 da 30 yake. Mai ba shi da wannan taurin kai, sai ya silale cikin kwarin da ke tsakanin tuddan, ya kori iskar, ya jiƙa komai. Ta biyu, idan aka nutsar da abin cikin ruwa aka bar shi, iskar da ake taƙama da ita tana narkewa sannu a hankali, ko nauyin ruwa ya matse ta ya fitar. Da zarar ta tafi, aikin ya tsaya.

An yi ƙoƙarin tunkarar mai gaba da gaba. A 2007 wasu masana a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna cewa idan aka yi wa tuddan siffa mai faɗin kai da siririn wuya, aka kuma shafe su da sinadarai masu fulorin, har mai ma yana dunƙulewa a kai. Abin ya yi aiki, amma ƙera irin wannan siffa da wuya, ga saurin lalacewa idan an goga. Babbar damuwar ma ita ce sinadaran. Dangin fulorin ɗin nan, da ake kira PFAS, ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwa da ƙasa da jinin mutane, har ɗaya daga cikinsu, PFOA, ya shiga jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasa da ƙasa kan sinadarai masu guba, ta hana a 2019. A ce za a tsabtace ruwa daga mai ta hanyar zuba masa wata gubar da ta fi man daɗewa, ai an gudu ba a tsira ba.

A nan kifi ya shigo. A 2009 tawagar Lei Jiang ta Cibiyar Nazarin Kimiyya ta ƙasar Sin da ke Beijing ta wallafa binciken da ta yi kan ɓawon kifi. Ɓawon an gina shi ne da sinadarin da ke cikin ƙashi da kuma furotin, sannan akwai yauƙi siriri a samansa, dukkansu masu son ruwa. Fuskarsa ma ba sumul take ba, tana da ƙananan tuddai da layuka. Idan aka fito da ɓawon aka busar, aka ɗiga masa mai, sai man ya baje ya jiƙa shi sarai. Idan aka mayar da shi cikin ruwa aka sake kawo ɗigon mai, sai ɗigon ya dunƙule, kusurwarsa ta haura digiri 150, ya gangara bai bar tabo ba. Ɓawo ɗaya ne, abin da ya sauya kawai shi ne wanda ya riga shiga cikin kaushin. Aikin da iska ke yi wa ganyen lotas, shi ruwa ke yi wa ɓawon kifi: ya cika kwaruruwan, ya kwanta a kai, mai idan ya zo ruwa yake tararwa, kuma mai da ruwa ba sa haɗuwa.

Wannan shi ne jigon maganar baki ɗaya, kuma a ganina sunan da ake ba waɗannan kaya yana ɗan ɓatar da mutane. Ana cewa suna korar mai, alhali su kansu ba su da wata gaba da shi. Gasa ce tsakanin ruwa da mai kan wanda zai mallaki fuskar abin, kuma wanda abin ya fi so shi ke cin nasara. Duk wanda ya taɓa wanke kwanon roba da kofin gilashi bayan maiƙo ya taɓa su ya san bambancin: gilashi yana sakin maiƙo da wuri domin ya fi son ruwa, roba kuwa sai an yi ta fama, a ƙarshe ma a ji santsi. Abin da masana suka ƙara shi ne kaushi, bisa maganar Wenzel, domin son ruwan ya ninku, ruwan kuma ya sami inda zai maƙale. Daga nan za a gane cewa ƙarfin dabarar da rauninta duk wuri ɗaya suke, wato riƙon ruwa. Muddin ruwan yana nan, aiki yana tafiya.

Abin mamaki, masu buga littattafai sun daɗe suna cin moriyar wannan hali ba tare da sun ba shi suna ba. A 1796 Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugu da dutse a Jamus. Ana zane a kan dutsen da abu mai maiƙo, a shafa ruwan ƙaro a sauran wurin domin ya riƙe danshi, a jiƙa, sannan a bi da tawada mai mai. Tawadar tana kama zanen, ta ƙi kama inda ya jiƙe. Manyan injinan buga jaridu na yau da faranten alminiyam suke aiki, amma ka'idar ba ta sauya ba.

Bayan kifi, sai aka shiga leƙa sauran halittu, aka tarar dabarar ta bazu. Cikin ɓawon wasu halittun teku masu ɓawo biyu akwai yankin da mai ba ya kamawa, saboda kaushi da ma'adinin da aka gina shi da shi. Ciyawar teku tana yin haka da yauƙinta. Akwai wani kifi da fatarsa ke da 'yan ƙayoyi masu lanƙwasa, waɗanda ke barin ɗigon mai ya zame daga kai zuwa wutsiya amma su tare shi idan ya nufi kai. Shi kansa ganyen lotas, bayansa da ke kallon ruwa halin ɓawon kifi gare shi, saman ne kawai ke korar ruwa. A Japan kuma kamfanin INAX ya lura da yadda katantanwar dodon koɗi ke zama tsaf saboda ƙananan layukan da ke riƙe danshi, ya yi tayil ɗin bango mai son ruwa wanda ruwan sama ke shiga ƙarƙashin dattin maiƙo ya ɗaga shi.

Inda aka fi sa rai da wannan bincike shi ne raba mai da ruwa, kuma a nan ba malalar teku ce kaɗai matsala ba, ko da yake ita ke jan hankali. Rijiyar mai tana fito da ruwa tare da man, a duniya baki ɗaya ana ƙiyasin kusan ganga 3 na ruwa a kan kowace ganga ɗaya ta mai, kuma tsohuwar rijiya tana wuce haka nesa. Matatun mai da masana'antun ƙarfe da na saƙa duk suna fitar da ruwa mai maiƙo kullum. Jiragen ruwa ma suna tara irinsa a ƙasan ɗakin inji, kuma yarjejeniyar MARPOL, ta ƙasa da ƙasa kan hana jirage gurɓata teku, ba ta yarda su zubar da shi a teku ba sai man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Wannan aiki ne na yau da gobe, kuma matatar da ba ta toshewa da wuri kuɗi ce mai yawa.

Da farko an bi hanyar lotas. A 2004 aka yi ragar ƙarfe mai korar ruwa da son mai, mai ya wuce ta cikinta, ruwa ya tsaya. Sai matsala biyu suka bayyana. Ruwa ya fi yawancin mai nauyi, don haka shi ke sauka ya kwanta a kan ragar, ya shiga tsakaninta da man da ake so ya wuce. Sannan tunda ragar tana son mai, mai kauri yana manne mata ya toshe ramukan. A 2011 tawagar Jiang ta juya lamarin: ta ɗauki ragar ƙarfen da ba ya tsatsa, ta lulluɓe wayoyinta da haidirojel, wato wani abu mai danƙo da ke shan ruwa ya riƙe. Aka jiƙa ragar, aka zuba gaurayen mai da ruwa. Ruwan ya sauka da nauyinsa ya wuce, man ya tsaya a sama bai taɓa ƙarfen ba, aka ba da rahoton rabuwar da ta haura kashi 99 cikin 100, ba famfo, ba lantarki. Da an ɗauraye ragar sai a sake amfani da ita.

Sai dai raga tana raba mai ne idan yana yawo a matsayin manyan ɗigo. Tankunan rabawa da masana'antu suka saba da su ma an tsara su ne don ɗigon da ya kai maikiromita 150 (maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Wahalar tana wurin man da ya farfashe ya gauraya da ruwa har ruwan ya yi fari-fari, inda ɗigon bai kai maikiromita 20 ba, galibi kuma akwai sabulu ko makamancinsa da ya kewaye kowane ɗigo ya hana su haɗewa. Irin wannan sai tantani mai ramuka ƙanana ƙwarai. A nan kuma akwai ciniki da ba a iya kauce masa. Ƙaramin rami yana tare ƙananan ɗigo, yana kuma jure matsi kafin mai ya kutsa, amma ruwa yana wucewa a hankali. Babban rami yana sakin ruwa da sauri, amma idan man da ya taru a sama ya yi tsayi, nauyinsa zai ture ruwan da ke cikin ramin ya ratsa. Sabulun ma ba ya tsayawa a jikin ɗigo kawai, yana iya kwanciya a kan tantanin ya sauya masa hali, ya zama gada tsakaninsa da man.

Raunin da ya fi kowanne shi ne bushewa. Tantani idan ya bushe a ajiya ko lokacin da aka tsayar da aiki, mai ya riga ruwa taɓa shi, to man ya shige cikin kaushin, kuma kaushin da ke taimakon ruwa yanzu shi zai riƙe man gam. Abubuwa da yawa da suka nuna kusurwa mai kyau a cikin ruwa sun faɗi wannan jarrabawa. Waɗanda suka fi tsallakewa su ne wasu sinadarai da kowace ƙwayarsu ke ɗauke da cajin lantarki iri biyu a lokaci guda, irin waɗanda ke jikin fatar ƙwayoyin halittar jikinmu. Suna jan ruwa da ƙarfin da ko mai ya riga zama a busasshe, da an tsoma abin cikin ruwa sai ruwan ya kutsa ƙarƙashin man ya ɓamɓare shi. A nawa ra'ayin, wannan ne ya cancanci a kira shi wanke kai. Abin da ke hana datti zama muddin yana jiƙe mataki ɗaya ne, wanda ke iya farfaɗowa bayan ya ƙazantu mataki ne na gaba, kuma shi masana'anta ke buƙata.

Akwai kuma batun ƙarko. Haidirojel yana da laushi, yashi da tsakuwar da ke cikin ruwa suna kankare shi, yana kumbura har ya saki ƙarfen da aka shafa shi a kai, gishirin teku kuma yana iya janye ruwan da ya riƙe. Kowace matsala an koma wurin wata halitta neman magani. Don gishiri aka ɗauki alginet, sinadarin da ke cikin ciyawar teku, wanda ba ya rasa halinsa ko a ruwa mai gishiri sosai. Don ƙarfi aka kwaikwayi ƙyallin cikin ɓawon da ke haifar da lu'ulu'u, wanda aka jera shi hawa-hawa, ma'adini mai tauri da siririn abu mai danƙo a tsakani. Don mannewa aka dubi wasu halittu masu ɓawo da ke liƙe wa duwatsun bakin teku duk da dukan igiyar ruwa. Daga nazarin gam ɗinsu ne Haeshin Lee da Phillip Messersmith na Jami'ar Northwestern a Amurka suka fitar da wani shafe a 2007 mai kama kusan kowane irin abu, ƙarfe ne ko roba ko gilashi, kuma yanzu ana yawan sa shi a matsayin shimfiɗar farko kafin a ɗora abin da ke son ruwa.

Wata hanyar kuma ita ce titaniyam dayoksaid, farin sinadarin nan da ke cikin fenti. A 1997 masana na Jami'ar Tokyo, ciki har da Akira Fujishima, tare da kamfanin TOTO, suka nuna cewa idan hasken rana ya doke shi yana komawa mai tsananin son ruwa, ban da halinsa da aka riga aka sani na wargaza ƙwayoyin maiƙo da datti. Kamfanin Pilkington na Ingila ya fitar da gilashin taga mai wanke kansa da wannan sinadari a 2001. Tantanin da aka shafa masa shi, idan ya ƙazantu ana iya shanya shi a haske ya dawo. Amma a cikin bututu ko a zurfin teku, ina hasken yake?

Mai karanta labaran irin wannan bincike ya kamata ya riƙa tambayar da wane mai aka yi gwajin. A ɗakin gwaji galibi ana amfani da tsabtataccen sinadari iri ɗaya, mai ruwa-ruwa, wani lokaci ma wanda ya fi ruwa nauyi domin ɗigon ya zauna a kan abin a ɗauki hoto cikin sauƙi. Ɗanyen mai kuwa gauraye ne na dubban sinadarai, har da masu danƙon kwalta da kaki, waɗanda ke samun ɗan wurin da shafen ya karce su kafa sansani. Yankin raga mai faɗin tafin hannu da aka gwada sau ashirin ko talatin bai gaya mana abin da zai faru da tantani mai faɗin ɗaki da zai yi shekara yana aiki ba. Kusurwar digiri 160 tana da kyau a hoto, amma ni na fi son in ji yawan ruwan da ke wucewa bayan wata uku, da kuma nawa aka kashe wajen shafa murabba'in mita ɗaya.

Ban da tacewa, ana gwada dabarar a gilashin kyamarori da na'urorin awo da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, inda ɗigon mai ɗaya ya isa ya ɓata gani, da kuma cikin bututun da ke ɗaukar ɗanyen mai mai kauri, inda siririn ruwa a jikin bango zai rage mannewa. Ana kuma yawan ambaton jikin jiragen ruwa, amma a nan sai a yi hattara. Abin da ke damun jirgi shi ne ƙwayoyin cuta da gansakuka da ƙananan halittun da ke liƙe masa, kuma ko da yake fuskar da ta riƙe ruwa tana jinkirta su, ba ta hana su har abada. Kaushin da aka yi don ruwa ya maƙale yana iya zama maɓoyarsu. Kifi yana tsallake wannan ne saboda fatarsa tana fitar da sabon yauƙi koyaushe, tsohon ya tafi da duk abin da ya kama shi, ɓawon da ya ɓalle kuma wani ya tsiro. Masu bincike suna gwada shafen da ke ɓoye sinadari a cikinsa ya riƙa fitarwa idan sama ta karce, da haidirojel ɗin da ke haɗe tsagarsa da kansa idan ya jiƙe, sai dai ajiyar da ke cikin shafe tana ƙarewa, kuma idan ta ƙare dole a fito da abin daga ruwa a sake shafa masa.